Cokalin Gwaggo Hilkka

Uruguay, 2 ga Nuwamba

Inkeri 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Petteri da jaririyarku, da Gwaggonki Hilkka in tana karɓar gaisuwa a bana. Ni lafiyata ƙalau, in an cire gwiwoyi da kunnuwa, waɗanda masana'antar takarda ta riga ta cinye. Shekara sittin da biyu, har yau ina walda cikin bututun da ko kare ba zai yarda ya shiga ba.

Wasiƙarki ta iso, ta uku ke nan tun haihuwar Kerttu. Wanda ya yi shekara shida bai ga rubutun 'yarsa ba dole ya ƙirga. Sharaɗinki yana nan, ban manta ba: takarda kawai, ban da waya, tunda duk wayar da muka yi bayan rasuwar mahaifiyarki da faɗa ta ƙare.

To, bari in ga ko na gane abin da kika rubuto. Kin sa jikata cikin binciken asibitin jami'a. Sun ba ki kwalba mai lamba, ba suna a jikinta. Kowace safiya ɗigo biyar na bitamin D a bakin yarinya, amma ba ki san ko irin wanda ake ba kowane jariri ne ko wanda ya ɗara shi ƙarfi ba, su ma masu miƙo miki kwalbar ba su sani ba sai an gama. Duk abin da ya shiga bakinta sai kin rubuta a littafi. Sannan sau ɗaya a wata ki ɗebi kashinta daga ƙunzugu, ki rufe a 'yar kwalba, ki sa a firiza, don su duba ko ɗigon yana canza ƙananan halittun da ke zaune a hanjinta.

A firiza, Inkeri! Gefen naman dajin Petteri!

Na karanta wa Reijo, abokin aikina, muna cin abincin rana. Ya ajiye cokalinsa ya ce, "Aulis, in ka je gida 'yarka ta ce ga miya daga firiza, ka ce kana azumi." Na ce masa, "Kai da kashinka ko kyauta ba mai karɓa, ka yi shiru ana maganar wanda likitoci ke jira."

Dariya dai na yi, amma na daɗe zaune da takardar a hannu. Wata biyar ba ki tsallake safiya ɗaya ba, ga karatu, ga rashin barci. Kuma ba Kerttu za ta ci ribar abin ba, 'ya'yan wasu ne da ba a haifa ba tukuna. Ban san inda kika samo wannan halin ba. Ba wajena ba dai.

Kin san ƙafafuna, yadda suka lanƙwashe kamar baka. A garinmu Paltamo an ce sai da na shekara biyu ban tsaya ba, rashin rana ya hana ƙashina ƙwari. Innarmu tana kwance ba lafiya. Hilkka, tana 'yar shekara goma sha uku, ita ta riƙa keta dusar ƙanƙara zuwa kantin magani ta sayo man kifi mai bitamin D, ta matse mini hanci ta ɗura da cokali. Abin da ya rage na miƙewa a ƙafata, aikinta ne. Ba ta taɓa bari na manta ba, kuma tana da gaskiya.

A nan rana zuba take a banza, har kan jakuna. Ku kuwa can arewacin duniya yanzu duhun hunturu ya fara rufe ku. Da ana sa ta a ambulan da na aiko wa Kerttu.

Mahaifinki,
Aulis

Kajaani, 10 ga Nuwamba

Aulis,

Ina gaisuwa. Ina nan da rai. Ƙuguna yana ciwo, likita ya ce tsufa ne, na ce ai ban zo tambayar shekaruna ba. Ina fata kana sa hula a wannan ranar taku, kanka ba gashi.

Magana ce zan faɗa maka, kuma a cikinka za ta tsaya. Litinin da Laraba da Juma'a Inkeri tana zuwa makaranta da safe, ta bar mini Kerttu. Yarinya kamar an zana ta, ga dariya ba haƙori.

Na ga kwalbar da suke ba ta. Lamba ce kawai a jiki. Na ce wa Inkeri, "Me ke ciki?" Ta ce, "Bitamin, Gwaggo." Na ce, "Nawa?" Ta ce, "Ba a sani ba, ai shi ne binciken." Na ce, "To in ruwa ne fa?" Ta yi dariya ta ce ba a ba jarirai ruwa, ko wanne aka ba ta ya ishe ta. Haka suka ce mata.

Ni na ga abin da duhu yake yi wa ƙafar yaro. Su a littafi suka gani. Don haka tun farkon Oktoba, duk ranar da take wajena, ina ba ta ƙaramin cokali na man kifi. Da cokalinka nake ba ta, wancan mai lanƙwasasshen hannu. Tana yamutsa fuska daidai yadda kake yi.

Ban faɗa wa Inkeri ba, don za ta hana. Kai na faɗa wa saboda kai kaɗai ka san dalili. Ka riƙe bakinka. Ka iya shiru ai, shekara shida ka yi kana yi.

Yayarka,
Hilkka

Uruguay, 30 ga Nuwamba

Yaya Hilkka,

Na gaishe ki, da fatan ƙugu ya yi sauƙi. Hula kuwa ina sawa, ta ƙarfe ma.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Yaya, ba wanda ya fi ni sanin abin da cokalin nan ya yi. Amma ni lokacin da kika ɗura mini, ba abin da nake sha. Ita Kerttu tana shan ɗigonta kullum, wataƙila ma mai ƙarfin ne, kika zo kika ɗora mata wani a kai. Na tambayi likitan masana'anta ban kama suna ba. Ya ce ƙaramin cokali ba ya kayar da yaro yau ko gobe, amma abu ne mai taruwa a jiki, a daina, kuma uwar ta sani.

Ga kuma littafin. Kin ga yadda yarinyar nan take rubuta komai, har rabin cokalin dankali. Duk ranar da kika ba da man nan, kin sa hannunta ya rubuta ƙarya ba ta sani ba.

Ki daina, kuma ki faɗa mata da bakinki. In daga gare ki ta ji, za ta yi fushin mako guda. In daga gare ni ta ji, ke da ni da ita duk mun shiga uku. Ina jiran amsarki.

Ƙanenki,
Aulis

Uruguay, 30 ga Nuwamba

Inkeri,

Gaisuwa. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Zafi ya sauko mana, Reijo ya ƙone kamar gasasshen kifi.

Gajeruwa ce yau. Ina tunanin ranakun da kike barin Kerttu wajen Gwaggonki. Ta haura saba'in, kuma tana da irin nata tunanin kan rainon yara. Ko ba za ki nemi wata hanyar ba, ko da na ɗan lokaci? Ko kuma ki zauna da ita ki tambaye ta yadda safiyarsu take tafiya, tun daga shigowa har fita. Shawara ce kawai.

Mahaifinki,
Aulis

Kajaani, 21 ga Disamba

Baba,

Muna lafiya. Kerttu ta fara zama da kanta, haƙori ɗaya ya leƙo. Rana kan fito awa huɗu in ta ga dama.

Wasiƙarka ta farko na karanta wa Petteri, har na yi hawaye wajen maganar ƙafafunka. Ta biyun ban nuna wa kowa ba, don kunya.

Gwaggo ta tsufa? Yau ka sani? Ba ta tsufa ba ranar da aka binne Mama, ka kwana uku ka ɗauki jakarka ka ce aiki na kira. Ba ta tsufa ba lokacin da nake kwance a ɗakinta wata biyu ba na iya cin abinci, tana ba ni a baki. Ranar aurena ita ta tsaya inda ya kamata ka tsaya. Da ƙugunta mai ciwo take hawa bene hawa uku ta ɗauko Kerttu don in gama karatu. Kai kuwa daga wata duniya, ba ka taɓa ɗaukar yarinyar nan ba, ba ka san nauyinta ba, kana gaya mini wanda zan ba ta.

Na san ku biyu ba ku jituwa tun da ta faɗa maka gaskiya a bakin kabari. Amma kada ka bi ta kan 'yata ka rama. Na ɗauka mun fara wani abu ni da kai. In wannan ne amfanin wasiƙun, gara mu koma yadda muke.

Barka da Kirsimeti.

Inkeri

Uruguay, 13 ga Janairu

Inkeri,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau. Wannan ta jirgin gaggawa na aiko, don na riga na ɓata lokaci da yawa.

Duk abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ban da ɗaya. Na gudu, e. Gidan ya cika da mahaifiyarki, ko kofin kofi na ɗauka sai in ga nata, sai na zaɓi inda ba abin da ya san ta. Na bar ki da kayan duka. Wannan ba ni da ta cewa a kai. Amma ban rubuto don in rama wa Hilkka ba. Na rubuto a karkace ne saboda tsoro, na so ki gano abu ba tare da an ce ni na faɗa ba. Halin ragwaye ke nan, kin kuma ga abin da ya haifar.

Ga maganar a miƙe. Tun farkon Oktoba Gwaggonki tana ba Kerttu ƙaramin cokali na man kifi duk ranar da take wajenta. Ita ta rubuto mini, ta ce in rufa mata asiri. Na roƙe ta ta daina, ta faɗa miki da kanta. Mako shida ke nan ba amsa, kuma daga wasiƙarki na gane ba ta faɗa ba. Ban sani ba ko ta daina.

Likitan nan ya ce kada hankali ya tashi, amma a duba jinin yarinya. Ki kai ta. Ki kuma gaya wa masu binciken, ko da za su cire ta, ko da duk kwalaben da ke firiza za su tafi shara. Na san ba sai na gaya miki wannan ba. Ke ce mai littafin.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin je wajenta, ki tuna ba raina ki ta yi ba. 'Yar shekara goma sha uku ce da ta taɓa ganin ƙanenta yana jan gindi alhali sa'o'insa suna gudu, kuma har yau ba ta daina ganinsa ba.

Na san abin da na yi da wannan takarda. Mutum biyu suka rage mini a duniya masu rubuto mini. Ɗaya ta ce in yi shiru, ɗaya ta ce in daina. Na saɓa wa duka biyun. Amma jikin Kerttu ne, kuma ke ce uwarta.

Mahaifinki,
Aulis

Uruguay, 22 ga Fabrairu

Inkeri,

Gaisuwa. Ina nan. Kwana arba'in ke nan ba ke ba Hilkka. Mai rabon wasiƙu yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai, don kada in wahalar da gwiwa. Reijo ya ce, "Ka faɗi gaskiya a cikin dangi? Ai gara ka yi walda ba gilashi."

Ba sai kin yafe mini ba. Layi ɗaya nake so: yarinya lafiya?

Aulis

Kajaani, 15 ga Maris

Baba,

Yarinya lafiya. Ga layinka, ka sauke numfashi. Jininta daidai yake, ɗan sama kaɗan amma ba abin damuwa. Haƙora huɗu, tana rarrafe da baya. Mu ma muna lafiya, rana ta fara dawowa.

Na yi shiru ne don na so in rubuto maka ba da ihu ba, kuma sai da na yi wata biyu kafin in iya. Da farko fushin Gwaggo na yi, sannan naka, sannan nawa, don ni na zage ka a kan abin da ban fahimta ba. Wannan na ƙarshen ya fi daɗewa. Ka yi haƙuri, Baba.

Bari in ba ka labari yadda ya faru. Ranar da wasiƙarka ta zo na tafi gidanta ko hula ban sa ba. Na tarar tana yanka baƙin burodi. Na ajiye takardar a kan tebur. Ta kalli rubutun ta ce, "Mai baki kamar ƙofar shago." Na ce, "Gwaggo, gaskiya ne?" Ta ce, "Zauna ki sha kofi." Na ce, "Ba kofi na zo sha ba!" Ta ce, "To tsaya ki sha." Na yi kuka, na faɗi maganganu. Na ce wata bakwai ina tashi ina ɗiga, ina rubutu, ina kwasar kashi kamar mai haƙar zinariya, ta mai da ni maƙaryaciya. Da na gama ta ce, "Yaushe za ki je wajen mutanen?" Na ce gobe. Ta ce, "Tare za mu. Ni na yi, ni zan faɗa."

Washegari ta sa rigarta ta zuwa coci. Ma'aikaciyar da ke kula da mu, Marjut, ta saurare mu har ƙarshe, ta dafe goshi. Ta ce matsalar ba man kifin ba ne kaɗai, matsalar ita ce ba a san nawa aka ba ta ba, ko a waɗanne ranaku. In ba a san wannan ba, kwalaben Kerttu ba su da amfani, dole a cire ta.

Sai Gwaggo ta ce, "Wa ya ce ba a sani ba?"

Ta buɗe jakarta ta fito da kalandar bara, ta bangon kicin, ta shimfiɗa a kan teburin. Baba, kowace ranar da ta ba da cokali ta zana ɗan kifi a kai. Ranar da Kerttu ta tofar, rabin kifi. Ranar da take mura ba a ba ta ba, an ja layi. Sannan ta ciro kwalbar man da kanta, da takardarta a jiki, da cokalin a naɗe cikin hankici, wai a auna.

Marjut ta ce, "Baiwar Allah, a ɓoye kike yi amma kika rubuta?"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "A ba yaro magani ba a rubuta ba? Kin ga na yi kama da mahaukaciya?"

Marjut ta yi dariya har ta share ido. Ta kira babbarsu, su biyu suka duƙa kan kalandar suna ƙirga kifi. Talatin da ɗaya da rabi uku. Babbar ta ce da duk iyaye suna yin laifi irin haka da aikinsu ya yi sauƙi. Ba a cire Kerttu ba. Sun sa wa kwalaben watannin nan alama ta daban, sun ɗauki hoton kalandar sun haɗa da littafina.

Ga abin da nake so ka sani. Kifi na ƙarshe yana kan sha tara ga Disamba. A mota na tambaye ta me ya faru ran nan. Ta juya tana kallon taga ta ce, "Wasiƙar wani mai surutu ce ta zo." Ta ji maganarka, Baba. Faɗa mini ne ya gagare ta.

Yanzu ranakunta ita ke ba da ɗigon. Tana ƙirgawa da ƙarfi har biyar, kamar mai tsawata wa kwalbar. Sunanka kuwa ba ta kama shi ba tun ran nan. Na ce ta rubuto maka, ta ce ta san abin da za ta aiko.

Ka ci gaba da rubutowa. A miƙe.

'Yarka,
Inkeri

Kajaani, 22 ga Maris

Aulis,

Ina da rai. Ƙugu yana nan.

Na ba ka amana ka kai kasuwa. Ban yafe ba, kada ka ɗauka na yafe. Ni na wanke maka gindi, ni na miƙe maka ƙafa, kuma da ƙafar ka gudu.

Amma a wannan karon ba ka gudu ba. Na lura.

Ga cokalinka a cikin ƙunshin. Ba na son ganinsa a kicin, hannuna yana kai kansa wajensa. Ba kyauta ba ce, ajiya ce. Yarinya za ta cika shekara a watan Yuni, lokacin rana ba ta faɗuwa, kuma ina ganin kafin nan za ta miƙe. Su likitoci hanjinta suke dubawa. Ni ƙafa nake so a duba, kuma idona ya yi rauni. Kai ka fi kowa sanin yadda karkatacciyar ƙafa take.

Ka dawo mini da shi da hannunka. In ka sa a ambulan, zan mayar.

Yayarka,
Hilkka

Uruguay, 14 ga Afrilu

Yaya Hilkka,

Na gaishe ki. Lafiyata lau, gwiwoyi suna gaishe da ƙugu.

Cokali ya iso. Na ɗauka ya fi haka girma. Na kai shi hanci, wallahi har yanzu yana warin man kifi. Reijo ya ga ina share fuska ya ce, "Cokali ke sa ka kuka?" Na ce, "Ba ka san matar da ke riƙe da shi ba."

Na yi shekara shida ina gaya wa kaina duniya ta lalace, ba sauran mai yin abu tsakani da Allah. Ashe a gidanmu akwai mace biyu, ɗaya tana rubuta gaskiyarta a littafi, ɗaya tana rubuta laifinta a bango. Ni kaɗai ne ban ajiye komai ba.

Na gaya wa shugaban aiki ya nemi wani mai shiga bututu daga watan Yuni. Ranar sha takwas zan sauka. Kada ki zo tarba da wannan ƙugun, na san hanya.

Ki gaya wa Inkeri ta dafa abin da ta ga dama. Ko daga firiza ne, zan ci.

Ƙanenki,
Aulis